Kotun shige da fice a Amurka: ranar wanka ba a ɓoyon cibi

Tun daga watan Mayun 2025, lokacin da jami'an hukumar ICE suka soma tsayawa a barandar kotunan shige da fice na Amurka suna cafke mutanen da suka fito daga gaban alƙali, wata shawara ta bazu tsakanin baƙi marasa takardun zama. Shawarar ta kai ga ƴan Nijar mazauna New York da Greensboro, ta kai ga iyayensu a Maraɗi, Damagaram da Tawa: wai duk wanda ranar shari'arsa ta zo, ya kashe salula ya yi zamansa a ɗaki. Masu ba da ita na cewa da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Tsoron da ya haifi wannan shawara gaskiya ne, hotunan kamen kuma kowa ya gan su. Amma shawarar kanta mai cutarwa ce, kuma lokaci ya yi da za a faɗi haka ƙarara. Wanda ya je kotu yana iya faɗuwa, yana iya ma kwana a tsare. Wanda ya ƙi zuwa kuwa ya riga ya faɗi, domin dokar ƙasar ta ba alƙali ikon yanke masa hukuncin kora a bayan idonsa, a wannan safiyar, ba tare da an ji ta bakinsa ba.

Yawancin matasan da abin ya shafa sun shiga Amurka ne a shekarun 2022 zuwa 2024. Hanyar ta yi suna a Afirka ta Yamma: jirgi zuwa Istanbul ko Kasablanka, daga nan Bogota, San Salbado, a sauka Managuwa ta ƙasar Nikaragwa, sannan a bi mota da ƙafa har iyakar Meziko. Alƙaluman hukumomin Amurka sun nuna an tsare ƴan Afirka sama da 58,000 a wannan iyaka a shekarar kasafi ta 2023, alhali a 2022 ba su wuce 13,000 da ɗoriya ba. Mafi yawa ƴan Muritaniya ne da Senegal da Gine, amma akwai ƴan Nijar a cikinsu. Akasari an sake su bayan ƴan kwanaki, kowa da takardu a hannu. A cikin takardun nan akwai sammacin kotu, wanda ake kira NTA. Wasu kuma da biza suka shiga, ta ƙare, sammacin ya same su daga baya.

Abin da ke kan faranti ba ƙarami ba ne. Akwai gidan da ya sayar da gona ko shanu, akwai wanda ya ci bashin miliyoyin sefa kafin yaro ya tashi. Nijar ba ta cikin ƙasashen da Amurka ta ba ƴaƴansu kariyar wucin gadi ta TPS. Sannan a watan Disamban 2025 shugaba Donald Trump ya sanya Nijar, Mali da Burkina Faso cikin jerin ƙasashen da aka rufe wa ƴaƴansu ƙofar shiga, tun daga 1 ga Janairun 2026. Ke nan wanda aka koro yau, hanyar komawa da biza a toshe take. Ga mafi yawan matasan nan, zaman kotu shi ne ƙofa ɗaya da ta rage a buɗe.

Wace irin kotu ce?

Kotun shige da fice ba ta cikin ɓangaren shari'a mai cin gashin kansa. Tana ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ne, a wani ofishi mai suna EOIR da aka kafa a 1983, kuma ministan shari'a ke naɗa alƙalanta, shi ke iya sauke su. Ba kotun manyan laifuka ba ce, don haka gwamnati ba ta ba kowa lauya kyauta. Baƙo na da ƴancin zuwa da lauya, amma da kuɗinsa. Ita kuwa gwamnati kullum da nata lauyan a zaune, ma'aikacin ICE, wanda aikinsa shi ne ya nuna cewa mutumin ya cancanci kora.

Kotunan sun cika sun batse. Cibiyar TRAC, wadda ta yi suna wajen tattara alƙaluman waɗannan kotuna, ta ƙirga dosiye kimanin miliyan 3.7 da ke jiran hukunci a ƙarshen shekarar kasafi ta 2024, a hannun alƙalai kimanin 700. Wannan cunkoso ne ya sa ake ba mutum randebu na shekara biyu ko uku nan gaba. Shi ne kuma tarkon farko, domin mutum kan saki jiki ya manta, alhali kotu na iya matso da ranar ko ta ɗaga ta, ta aika wasiƙa kawai.

Wasiƙar da ba a karanta ba

A Nijar sammaci da ƙafa yake zuwa. Ɗan sanda, jandarma, dogarin sarki ko yaron mai unguwa ne ke kawo shi, ya miƙa hannu da hannu. Mutane kaɗan ne suka saba da wasiƙar da ake jefawa a akwatin ƙofar gida. A Amurka kuwa, da zarar kotu ta aika wasiƙa zuwa adireshin ƙarshe da mutum ya ba ta, doka na ɗauka an sanar da shi, ko ya gani ko bai gani ba. Matashin da ya ba da adireshin wani ɗan uwa a Bronx ranar da aka sake shi a iyaka, sannan ya samu aiki ya koma Arewacin Karolina ko Indiyana, wasiƙarsa na can tana zuwa gidan da ya bari.

Maganin wannan takarda ce guda, mai lamba EOIR-33, ta sauya adireshi, wadda ake so ta isa kotu cikin kwana biyar na aiki bayan ƙaura. Kyauta ce. Sanar da jami'in ICE da mutum ke zuwa sa hannu wurinsa bai wadatar ba, haka ma sanar da hukumar USCIS mai ba da katin aiki, domin ma'aikatu ne daban-daban. Haka kuma zuwa sa hannu a ofishin ICE ba ya maye gurbin zuwa kotu. Sauya adireshi ma ba ya ɗauke shari'a daga wannan gari zuwa wancan. Sai an rubuta wa alƙali buƙata ta musamman, kuma kafin ya amince, tsohuwar ranar da tsohuwar kotun na nan daram, ko da tafiyar kwana ce.

Kowane baƙo na da lamba mai farawa da harafin A, galibi alƙaluma tara, a saman takardunsa. Da ita ake kiran layin kotu na kyauta, 1-800-898-7180, ko a shiga shafin EOIR na intanet, a ga rana, lokaci, sunan alƙali da adireshin kotun. Minti biyu ne. Wanda ke da shari'a ya kamata ya mayar da wannan dubawa al'adar kowane mako, ya haddace lambar kamar lambar wayarsa, ya kuma ba wani amintacce ita.

Abin da ƙin zuwa ke jawowa

Idan aka kira suna babu mai amsawa, lauyan gwamnati zai nuna cewa an aika sanarwa, alƙali ya sa hannu kan hukuncin kora. Daga wannan lokaci, duk ranar da ICE ta kama mutumin, a wurin aiki, a kan hanya ko a bakin ƙofarsa, tana iya saka shi jirgi ba tare da ya sake ganin alƙali ba. Buƙatar mafakar da ya ajiye za a ɗauka ya yi watsi da ita, katin aikin da ya dogara da ita kuma ba zai sabuntu ba. Doka ta kuma hana irin wannan mutum wasu hanyoyin gyara zama har tsawon shekara 10, in dai an gargaɗe shi tun farko. Sabuwar dokar kasafi ta 4 ga Yulin 2025 ta ƙara masa tarar dalar Amurka 5,000 ranar da aka kama shi.

Akwai hanyar sake buɗe dosiye, amma siririya ce. Wanda wani babban uzuri ya hana shi zuwa, kamar ciwo mai tsanani, ko rasuwar mata, ɗa ko mahaifi, yana da kwana 180 ya rubuta ya kawo hujja. Wanda bai samu sanarwa ba kwata-kwata, kuma ba laifinsa ba ne, yana iya nema a kowane lokaci. Tsoron kamu, saƙon murya na WhatsApp ko rashin samun izini daga uban gida a wurin aiki ba su cikin uzurin da doka ta lissafa.

Yadda ranar take

Yawan fargaba na zuwa ne daga rashin sanin abin da ke bayan ƙofa. A birnin New York kaɗai akwai kotuna uku a Manhattan: ɗaya a 26 Federal Plaza, ɗaya a 290 Broadway, ɗaya a titin Varick. Wanda ya yi layi a ginin da ba nasa ba, alƙalinsa na can yana rubuta bai zo ba. Ƴan Nijar na Greensboro kuwa kotunsu na birnin Charlotte, tafiyar kusan kilomita 150, kamar daga Damagaram zuwa Tanut. Tunda wasu zaman kan soma tun ƙarfe 8 da rabi na safe, sai an yi sammako ko a kwana a garin. A ƙofa akwai bincike irin na filin jirgi, layin kan yi tsawo, kuma an hana ɗaukar hoto ko murya a ciki. Yaran da ke da sammaci na kansu su ma dole a zo da su, sai in alƙali ya ɗauke musu.

Zaman farko gajere ne, ana tara mutane da yawa a ɗaki guda a riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya. Alƙali zai tambayi suna, adireshi da harshen da mutum ya fi ji, ya bayyana masa haƙƙoƙinsa, a ba shi jerin ƙungiyoyin da ke taimakon shari'a kyauta. Wanda ba shi da lauya na iya roƙon lokaci ya nemo, alƙalai kuma kan ba da lokacin a karon farko. Daga baya za a tambaye shi ko ya yarda da abin da aka rubuta a sammacin, da irin kariyar da yake nema. Babban zaman, inda ake sauraron shaida na awanni, lauyan gwamnati ya yi tambayoyi, sai daga baya yake zuwa.

Wani wa'adi da ba ya jiran ranar kotu shi ne na neman mafaka. Takarda mai lamba I-589 dole ta shiga cikin shekara ɗaya daga ranar da mutum ya taka ƙasar, ko da randebunsa na farko ya wuce shekarar. Da yawa sun zauna suna jiran a kira su, shekarar ta wuce su. Dokar Yulin 2025 ta kuma sa kuɗi kan abin da a da kyauta ne: dalar Amurka 100 ta ajiye takardar, wata 100 kowace shekara da dosiyen ke jira, da 550 ta katin aiki na farko, kuma kuɗin na ƙaruwa kaɗan duk shekara. Tun 2025 an kuma ba alƙalai damar yin watsi da takardar da ba a cike ta daidai ba, ko wadda labarinta bai kai ma'aunin doka ba, tun kafin a saurari shaida.

Harshe da ladabi

Kotu na samar da tafinta kyauta, kuma a nan ƴan Nijar da dama ke cutar kansu. Ganin ƙasar ta yi zama a ƙarƙashin Faransa, jami'i kan rubuta Faransanci a dosiye, shi kuma matashi da ya bar lakkal tun firamare ya ji kunyar cewa Faransancinsa na kasuwa ne. Babu abin kunya. Kundin sake gina ƙasa na Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, kuma ko ba don haka ba, dokar kotun ta ce a yi wa mutum magana da harshen da ya fi fahimta. Mai Hausa ya nemi Hausa, mai Zabarmanci ya nemi Zabarmanci, haka mai Fulatanci ko Tamajak.

Ko tafintan Hausar ma sai an sa kunne. Idan ɗan Kano ne, zai iya jin ɗan Maraɗi ya ce an kwantar da shi likita ya zaci sunan ma'aikaci ake nufi, alhali asibiti ne. Zai iya jin dala ashirin ya fassara ta da kuɗin Amurka, alhali sefa 100 ce. Irin wannan tuntuɓe na shiga faifan shari'a, daga baya lauyan gwamnati ya ce magana ta saɓa. Duk wanda ya ji ba su fahimtar juna da tafinta yana da ƴancin faɗa wa alƙali nan take, kafin a ci gaba.

Akwai kuma tarbiyyar gida da ke juyewa ta zama illa. An koya wa yaro ya sunkuyar da kai gaban babba, ya ce to ko bai gane ba, kada ya maimaita tambaya. Dokar Amurka ta 2005 mai suna REAL ID ta ba alƙali damar auna gaskiyar mutum ta yanayinsa, yadda yake amsawa, da duk wata saɓani tsakanin maganganunsa, ko da ƙarama ce. Wanda ya ce eh don ladabi ga tambayar da bai fahimta ba, ya ba da shaida ke nan a kan kansa bayan ya yi rantsuwa. Cewa ban gane ba, ko ban tuna ba, amsa ce karɓaɓɓiya. Takardun gida ma haka: takardar haihuwa ta kotu mai ɗauke da 1 ga Janairu, suna da aka rubuta Mahamadou a fasfo, Mamane a katin ɗan ƙasa, duk sai an yi bayaninsu tun da wuri. Kowace takardar Faransanci kuma sai an haɗa ta da fassarar Ingilishi da shaidar mai fassarar.

Labarin aro

Mafaka ba maganin talauci ba ce. Yarjejeniyar Janeba ta 1951 da dokar ƴan gudun hijira ta Amurka ta 1980 sun taƙaita ta ga wanda aka gallaza wa, ko yake da tsoro mai tushe na gallazawa, saboda launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukuni na jama'a. Rashin aikin yi, fari ko tsadar hatsi ba su ciki. Ko rashin tsaro irin na Tilaberi da Difa, shi kaɗai bai isa ba, sai mutum ya nuna yadda abin ya shafe shi shi kansa, da dalilin da ya sa ba zai tsira a wani yanki na ƙasar ba.

Wannan gaskiya mai ɗaci ita ta buɗe kasuwar masu sayar da labari. Ana biyan wani ya rubuta wa mutum tarihin da ba nasa ba, a ce ya haddace. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Alƙali na da abin da mutumin ya faɗa wa jami'in iyaka ranar farko, yana da rahotannin ma'aikatar harakokin wajen Amurka kan Nijar, ya kuma sha ganin labari guda da sunaye daban-daban. Wanda ya ce daga wani ƙauyen Tilaberi yake, za a tambaye shi ranar kasuwar garin, sunan mai gari, da hanyar da ya bi ya fito. Idan alƙali ya tabbatar da gangan aka ƙirƙiri labarin, bayan an yi gargaɗi, hukuncin shi ne haramcin duk wata takardar zama har ƙarshen rayuwa, ko da daga baya mutumin ya auri ƴar ƙasa. Ƙaryar mutum ɗaya kuma na sa a riƙa kallon mai gaskiyar da ya biyo bayansa da shakka.

Wanda ba shi da hujjar mafaka ma zuwa kotun ya fi masa. Lauya na iya gano wata hanya, ta aure na gaskiya, ta wanda aka yi wa babban laifi a Amurka ya taimaki ƴan sanda, ko ta yaro da iyaye suka yi watsi da shi. In babu ko ɗaya, akwai tafiya ta ganin dama da alƙali ke bayarwa, har kwana 120 idan an nema tun farkon shari'a, ko 60 a ƙarshenta. Mutum ya tattara kayansa da kuɗinsa, ya sauka filin jirgin Diori Hamani da ƙafarsa, babu ankwa, babu hukuncin kora a sunansa.

Lauya, da masu kama da lauya

Binciken da Ingrid Eagly da Steven Shafer suka wallafa a 2015, bayan nazarin shari'o'i sama da miliyan 1.2 na shekarun 2007 zuwa 2012, ya gano kashi 37 cikin 100 ne kawai na baƙi ke da lauya, a cikin tsararru kuwa kashi 14. Tsararren da ke da lauya ya ninka marar lauya fiye da sau goma wajen yin nasara. Wani binciken nasu kan shekarun 2008 zuwa 2018 ya nuna kashi 83 cikin 100 na baƙin da ba a tsare ba sun halarci duk zamansu, masu lauya kuwa kashi 96. Ke nan zuwa kotu shi ne abin da mafi rinjaye ke yi, ɓuya ce baƙuwar ɗabi'a.

Mutum biyu ne kawai ke tsaya wa baƙo a matsayin sana'a: lauya mai lasisin wata jiha, ko wakilin ƙungiyar da ma'aikatar shari'a ta amince da shi. Ɗan uwa mai shagon aika kuɗi da cike takardun haraji ba ya cikinsu, komai daɗewarsa a ƙasar. Alamomin ɗan damfara sanannu ne: yana alkawarin nasara, yana cewa ya san alƙali, ba ya ba da rasit, yana sa a sa hannu kan takardar da ba a cike ba, yana riƙe asalin takardu. Ba irin kotun da ake aika dattijo ya je ya sasanta ba ce, kuma miƙa wa ma'aikaci wani abu laifi ne da ke kai mutum kurkuku. Lauyan gaske na rubuta yarjejeniya, ya shigar da sunansa a dosiye, ya ba mai shari'a kofin duk abin da ya ajiye.

To, kamen fa?

Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi ta masu cewa a ɓuya, kuma ba a share ta da baki. Dabarar da aka gani a 2025 ita ce lauyan gwamnati ya roƙi alƙali ya kori shari'ar. Baƙo ya ji kamar ya tsira, ya fito, jami'ai su kama shi a baranda su sa shi a tsarin korar gaggawa, wanda gwamnati ta faɗaɗa a Janairun 2025 zuwa kan duk wanda bai iya nuna ya yi shekara biyu a ƙasar ba. A 26 Federal Plaza har Brad Lander, mai binciken kuɗin birnin New York a lokacin, an kama shi ranar 17 ga Yunin 2025 yana rakiyar wani baƙo. A Satumban 2025 kuma hukumar ɗaukaka ƙara ta shige da fice ta ce wanda ya shigo ba ta ƙofa ba, alƙalin shige da fice ba shi da hurumin ba shi beli, matsayin da alƙalan tarayya da dama suka yi fatali da shi a ƙararrakin da aka kai musu.

Duk da haka, a auna biyun. Wanda aka kama a kotu yana da abin riƙewa: zai iya cewa bai yarda a kori shari'arsa ba, ya nemi lokacin mayar da amsa a rubuce, ya ɗaukaka ƙara, ya faɗa wa jami'ai yana tsoron komawa don a yi masa tambayoyin tantancewa, lauyansa kuma ya garzaya kotun tarayya. Wanda aka kama da hukuncin bayan ido, kusan duk waɗannan sun kuɓuce masa. Ɓuya ba ta kawar da kamu, jinkirta shi take yi zuwa ranar da babu sauran abin faɗa. Gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Abin da hankali ya ba da shi ne a je da shiri. A ga lauya kafin ranar, ya duba ko za a roƙi alƙali a yi zaman ta bidiyo, abin da wasu alƙalai ke amincewa. A riƙe shaidar tsawon zama, irin su yarjejeniyar haya, rasit na albashi da takardun asibiti. A bar wa amintacce lambar A, kofin takardu da bayanin wanda zai ɗauko yara daga makaranta, domin da lambar da ƙasar haihuwa ake neman tsararre a shafin ICE. Kada a sa hannu kan takardar da ba a fassara ba. Idan hukunci bai yi daɗi ba, a ce ana riƙe da ƴancin ɗaukaka ƙara, a kuma bi ranar ƙarshe da alƙali ya rubuta, domin ana lissafi ne da ranar da takarda ta isa hukumar da ke Falls Church a jihar Bajiniya, ba ranar da aka aika ta ba.

Nauyin da ke kan jama'a

Ƴan Nijar mazauna waje sun iya haɗa kai. Idan aka yi rasuwa, cikin kwana biyu ake tara kuɗin kai gawa gida. Ana karo-karon suna, biki da ginin masallaci. Wannan hannu da ke ɗaukar mamaci ya kamata ya ɗauki mai rai tun bai faɗi ba. Ƙungiyoyin ƴan ƙasa a Greensboro da New York na iya buɗe asusun kuɗin lauya, su ajiye jerin lauyoyin da aka gwada, su ware masu takardun zama da za su riƙa raka sababbin zuwa kotu, su kuma tura matasa masu Hausa, Zabarmanci da Ingilishi su yi rajistar aikin tafinta. Kotun Charlotte na cikin waɗanda alƙaluman TRAC suka sha nunawa da yawan ƙin karɓar buƙatar mafaka, don haka barin yaro ya je can shi kaɗai da takardar da wani mai shago ya cike masa sakaci ne na al'umma baki ɗaya. Limamai na da minti biyar bayan sallar Juma'a da za su tuna wa mutane su duba ranarsu. Ma'aikatar harakokin waje, wadda kula da ƴan Nijar mazauna ƙetare ke cikin sunanta, da ofishin jakadanci a Washinton, ba abin da zai hana su fitar da wannan bayani cikin harsunan ƙasa.

Iyaye da ƴan uwa a gida su ma da nasu. Matsin a aiko da kuɗi kowane wata na cikin abin da ke sa yaro ya zaɓi aikin rana guda a kan zaman kotu, ko ya kai dosiyensa wurin mai araha. Gidan da ya iya haƙurin sayar da gona don a tafi, zai iya haƙurin ƴan watanni don a biya lauya. Su ne kuma za su nemo takardar haihuwa, shaidar likita ko ta mai gari, ta gaskiya, su aika da wuri. Uwar da ke Tasawa ko Madawa, idan ɗanta ya kira ranar Juma'a, kafin ta tambaye shi yaushe saƙo zai iso, ta fara tambayarsa ranar kotunsa, da ko ya duba ta a wannan makon.